Cika harsashi da hannu: akwai riba ko wahalar banza ce?

Bakano_Houston
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga waɗanda suka riga ni shiga harkar harbi a ƙasar nan ta Amurka. Wata takwas ke nan ina zuwa filin harbi duk Asabar da ƙaramar bindigata mai cin harsashin 9mm, kuma kuɗin harsashi ya fara taɓa ni. Kwali uku zuwa huɗu nake ƙonawa a zama ɗaya, kowane kwali guda 50. To akwai maƙwabcina, wani dattijon Bature, zai tattara ya koma wurin 'yarsa a wata jiha. Ya ce in ina so ya sayar mini da kayan da yake cika harsashi da su a garejinsa: injin matsawa, sikeli, littattafai biyu, da bokiti guda cike da kwanson harsashin da aka riga aka harba. Kuɗin da ya yanka ba su taka kara sun karya ba. Abin da ya sa na ja burki shi ne, ya ba ni guda 20 cikin nasa in gwada, sau uku bindigar tana cijewa, kwanson ya tsaya a tsaye a bakin tagar da yake fita, marfin saman bindigar ya danne shi. Shi kuwa ya ce shekara talatin yana cikawa bai taɓa ganin haka ba. Laifin bindigata ne ko na harsashinsa? Sannan tsakani da Allah, akwai riba a abin nan?

Kawu_Arizona
Wa alaikumus salam. Kafin a je ko'ina, ɗana, kuskuren farko ka riga ka yi shi: ba a harba harsashin da wani ya cika. Ko ubanka ne ya cika, ka yi masa godiya ka ajiye. Ba ka san ranar da ya cika su ba, ba ka san ko waya ta yi ƙara yana tsakiyar aiki ba. Allah ya rufa maka asiri cijewa kawai ta yi.

Wace irin bindiga shi dattijon yake harbawa?

Bakano_Houston
Kawu na karɓi gyara. Yawanci libarba yake harbawa, irin mai gidan harsashi mai juyawa, mai cin .38. Amma yana da wata 9mm da ya ce ta gasa ce, ya canza mata sifirin.

Kawu_Arizona
To ai ka ba kanka amsa. Libarba ba ruwanta, yatsarka ce ke juya ta, ko harsashin ya yi rauni za ta buga na gaba. Irin taka kuwa da ƙarfin harbin take aiki. Bugun da harsashi ya yi shi ne yake tura marfin sama baya, ya fizgo kwanso ya yar, sifirin ya dawo da shi ya ɗauko sabo daga magazin. In bugun ya yi sanyi, marfin ba zai kai ƙarshe ba, sai ya dawo ya kama kwanso a hanya. Shi dattijon ya cika nasa da sanyi don ya dace da sifirin mai laushi da ya sa wa tasa. Ka ɗauka ka zuba a taka mai sifirin kamfani. Rigar wani ka sa, shi ya sa ta matse ka a hammata.

Injiniya_Ohio
Bayanin Kawu daidai ne, amma a bar ƙofa a buɗe: wani lokaci riƙon ne. In wuyan hannu ya yi lako-lako, bindigar gaba ɗaya ce ke ja da baya maimakon marfin kaɗai, sai ka ga irin wannan cijewar ko da harsashin kanti ne. Bakano, ta taɓa yi maka da na kanti?

Batun riba kuwa, ni na zauna na yi lissafi da takarda da biro kafin in sayi nawa. Harsashi abu huɗu ne: kwanso, furaima (ita ce 'yar hular da ke gindinsa), albarushi, da kan da ke fita. Kwanso kaɗai kake maimaitawa, sauran ukun kullum sai ka saya. A 9mm abin da kake ragewa kaɗan ne ƙwarai, domin shi ne harsashin da kamfanoni suka fi bugawa, shi ya sa ya fi kowane araha. Inda ribar take shi ne manyan harsasai kamar .45 ACP, ko 10mm, ko irin su .44 Magnum. Idan 9mm kaɗai kake harbawa, za ka daɗe ba ka mayar da kuɗin injin ba, kuma ban sa lokacinka a lissafin ba.

Sarkin_Zolaya
Duk wanda ya ce maka ya rage kashe kuɗi saboda yana cikawa da kansa, ka tambayi matarsa. Kuɗin dai su ne, harbin ne ya ninku 😂

Bakano_Houston
Injiniya, ba ta taɓa yi da na kanti ba, ko sau ɗaya.

Talaka_Bawan_Allah
Ni fa abin nan ya ɗaure mini kai. Ina zaune a nan gida, jiya-jiyan nan muka dawo daga ta'aziyya a ƙauyenmu, kuma kowa ya san abin da ke kashe mana mutane. Na buɗe waya in ga 'yan'uwana Hausawa suna hirar yadda ake haɗa harsashi kamar ana hirar dambun nama. Ku kuna can inda in ka kira 'yan sanda za su zo. Ba ku tunanin wa zai karanta wannan? Wallahi bai dace ba.

Mai_Unguwa
Malam Talaka, Allah ya jiƙan waɗanda aka rasa, ya ba ku haƙuri. Maganarka tana kan hanya, kuma ba zan ce ka yi shiru ba. A matsayina na mai kula da zauren nan ga abin da na yanke: a tattauna doka, tsada, haɗari da abin da mutum ya gani da idonsa. Amma ba a yarda kowa ya rubuta awon albarushi, ko sunan wanda ake zubawa da adadinsa, ko matakan aiki ɗaya bayan ɗaya ba. Wanda ya sa, zan goge ba tare da sallama ba.

Kawu_Arizona
Na goyi bayan Mai Unguwa, kuma ko ba don dalilin Malam Talaka ba. Mu da muke yi ma ba ma karɓar awo daga bakin mutum ko daga intanet. Daga littafin kamfanin da ya gwada a ɗakin gwaji ake ɗauka, irin na Lyman ko Hornady ko na masu yin albarushin kansu, kuma a duba biyu a gani ko sun yi daidai. Mutum ya yi kuskuren ɗigo ɗaya a rubutu, kai kuma ka rasa yatsu.

Malam Talaka, ka yi haƙuri. Ni ma ina da 'yan'uwa a can. Amma ka sani abin da ke hannun 'yan bindigar can ba daga garejin wani ya fito ba, na masana'anta ne da ake shigowa da shi ko ake karkatarwa. Wannan aikin namu yana buƙatar furaima da albarushin zamani da ba a haɗa su a gida, sai an saya daga kamfani.

Talaka_Bawan_Allah
Na ji, Kawu. Ban gamsu duka ba, amma na ji.

Barista_Atlanta
Bari in sa baki ta ɓangaren doka, amma wannan hira ce, ba shawarar lauya ga wanda ya ɗauke shi aiki ba.

A dokar tarayya ta Amurka, wanda ya halatta ya mallaki bindiga yana iya cika harsashi don amfanin kansa ba tare da lasisi ba. Ranar da ya mayar da shi sana'a yana sayarwa, sai da lasisin masu ƙera harsashi daga ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi. Jihohi kuma kowace da nata, abin da ya wuce lafiya a Texas zai iya kai ka kotu a Massachusetts ko New York.

Ga inda na fi so 'yan'uwa su buɗe kunne. Wanda ya shigo da bizar da ba ta zama ba, kamar ɗalibi ko mai ziyara, doka ta hana shi riƙe bindiga da harsashi, sai in ya faɗa cikin 'yan togaciyar da aka yi, misali yana da lasisin farauta mai aiki. Wanda takardunsa suka ƙare kuwa babu togaciya ko ɗaya. Kuma a ma'anar dokar, kalmar harsashi ta haɗa da kwanso, da furaima, da kan harsashi, da albarushi, kowane shi kaɗai. Wato wannan bokitin kwanson da Bakano yake magana, a wurin wanda aka haramta wa, kayan laifi ne.

Bakano, kai ina ka tsaya?

Bakano_Houston
Barista, na karɓi takardar zama ɗan ƙasa tun shekara huɗu da suka wuce, alhamdulillahi.

Sabon_Zuwa
Innalillahi. Barista, ni ɗalibi ne, abokaina sun kai ni filin harbi watan jiya, na tsinci kwanso guda biyu na ajiye a kan teburina don tarihi. Yanzu ya zan yi?

Barista_Atlanta
Ƙanina, kar ka rikice, amma kar ka ci gaba da ajiye su, kuma kar ka koma filin sai ka zauna da lauyan shige da fice ya duba matsayinka. Abokanka 'yan ƙasa ne, abin da za a yi musu faɗa a kai, kai biza za ka rasa. Kuma ka daina ba da labarin a fili.

Dan_Zango_Bronx
Ku mutanen Texas kuna shan daɗi. Mu nan kafin ka riƙe ƙaramar bindiga a hannu ma sai ka yi zaryar lasisi har takalminka ya cinye. Ni ina karatu ne kawai, ku ci gaba.

Maman_Hanan
Duk kun yi ta maganar kuɗi da doka, ba wanda ya tambayi Bakano ko yana da yara a gida. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma maigidana ya yi wannan harkar kusan shekara biyu kafin in sa ƙafa in take ta.

Dalma ce matsalar. Mutane suna zaton sai ka narka dalma kake cikin haɗari. A'a. Yawancin furaima akwai sinadarin dalma a cikinta, in an harba sai ƙurarta ta kwanta a cikin kwanso. Maigidana yana da wata na'ura mai karkarwa da yake zuba kwanso a ciki ta goge su, in ya buɗe murfin sai ka ga wata ƙura mai laushi ta tashi. Rannan na shiga gareji na tarar da ɗanmu, lokacin yana rarrafe, ya kama kwanso ɗaya yana tsotsa kamar alewa. Washegari na kai shi aka ɗebi jini. Alhamdulillahi abin bai yi nisa ba, amma ba sifili aka gani ba, shi ma uban da aka auna nasa ya fi na yaron. A wurin yara babu adadin dalma da ake cewa wannan ba komai. Hukumar CDC mai kula da cututtuka a Amurka ma a 2021 ta sauko da ma'aunin dalma a jini da ake fara bibiyar yaro zuwa 3.5.

Mu da muka fito daga Arewa bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Mun ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, su Dareta da Bagega, yara sama da 400 suka rasu saboda ana daka dutsen zinare a tsakar gida, ƙurar tana sauka inda suke wasa, har sai da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta shigo. Ban ce gareji ɗaya ya kai wannan ba, amma hanyar shigar ɗaya ce: ƙura, hannu, baki.

Talaka_Bawan_Allah
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Wannan na san shi, ba labari aka ba ni ba.

Bakano_Houston
Anti, yara biyu gare ni, ƙaramar shekararta biyu. Kuma injin wankinmu a garejin yake. Gaskiya ban kawo wannan a raina ba ko kaɗan.

Kawu_Arizona
Hajiya ta faɗi gaskiya, ba zan kare kaina ba, mu ma da farko sakaci muka yi. Yanzu ni da ruwa nake wanke kwanso, ba na bari ƙura ta tashi, ɗakin aikin a waje yake da kwaɗo, ba na ci ba na sha a ciki, takalmin wurin ba ya shiga gida, kuma duk shekara ina sa likita ya auna jinina. Amma ni yarana sun girma sun bar gida. Mai 'yar shekara biyu da injin wanki a gefe, lissafinsa dabam ne.

Injiniya_Ohio
Bari in dawo da mu kan bindigar kanta, don akwai abin da ya sa irin ta Bakano ta fi libarba tsaurin ido, bayan batun sifirin.

Harsashin libarba yana da leɓe a gindi, shi ne yake tokare shi. 9mm da .45 ACP ba su da wannan leɓen, da bakin kwanson suke tsayawa a cikin bututu. Sannan kafin harsashi ya shiga, sai marfin ya bugo shi daga magazin ya hau gangara da ƙarfi. In kan bai kamu sosai ba, wannan dukan yana iya tura shi ciki. Kwanson 9mm kuwa ɗan mitsitsi ne, milimita 19 ne tsawonsa, in kan ya nutse ko kaɗan, wurin da ya rage wa albarushi ya matse, matsin ya yi tsalle. Ƙungiyar SAAMI, wadda ke tsara ma'auni a ƙasar nan tun 1926, ta sa iyakar matsin 9mm a 35,000 psi (ma'aunin matsi ke nan), .45 ACP kuwa 21,000. Ka ga 9mm tun asali a kusa da rufi yake aiki, babu filin wasa da yawa.

Shi ya sa nake ganin wanda zai koya, da libarba ya fi masa sauƙin farawa.

Kawu_Arizona
A nan kam ban bi ka ba, Injiniya. Kwanson .38 dogo ne, tun zamanin baƙin albarushi aka yi shi, albarushin yanzu kuwa ɗan kaɗan yake ci. In ka yi kuskure ka zuba sau biyu, zai shige ya kwanta a ƙasa ba ka gani ba. A 9mm sau da yawa zubi biyu yakan cika ya tumbatsa, idonka ya gani. Kowanne da inda yake cizo.

Injiniya_Ohio
Haka ne, na yarda da wannan. Amma har yanzu ina kan bakana game da shiga da fitar harsashi.

Mai_Shayi_Dallas
Ni bari in ba ku nawa, don gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Shekarar da na fara, ina cikawa da dare bayan na taso daga aiki, ido duk ya yi nauyi. Ranar Lahadi ina filin harbi, ina bugawa da sauri, sai na ji wata 'yar ƙara "fut", ba "tau" ba. Marfin bai motsa ba. Ni a tunanina cijewa ce, na ja marfin da hannu, kwanso ya faɗo, sabo ya shiga, na ɗaga zan ja kunama. Wani tsoho mai kula da layi ya daka mini tsawa daga baya har sai da na kusa sakin bindigar. Ya karɓa, ya cire magazin, ya kwance ta, ya ɗaga bututun ya nuna mini: babu haske. Kan harsashin yana zaune a tsakiya. Ashe wannan ɗayan ban zuba masa albarushi ba, furaima kaɗai ta tura shi ya shiga ya tsaya. Da na buga na biyu a bayansa, Allah kaɗai ya san yadda hannuna zai koma.

Na dawo gida na zauna a mota kusan minti ashirin ban fito ba. Sauran guda ɗari da wani abu da na cika a daren nan, ɗaya bayan ɗaya na warware su. Ban daina ba, amma tun ranar ba na taɓa injin in na gaji, kuma kowane kwanso sai na leƙa cikinsa da fitila kafin in ɗora kai.

Sarkin_Zolaya
Mai Shayi, da yanzu da hagu kake zuba mana madara.

Mai_Shayi_Dallas
Kai dai bari. Dariya ce yanzu.

Damagaram_Hamburg
Sannunku. Ni abin da ke ba ni mamaki da Amurka shi ne mutum ya sayi injin yau, gobe ya fara, ba wanda ya gwada shi. Nan Jamus kafin a ba ka izinin sayen albarushi sai ka yi kwas, ka ci jarrabawa, an binciki halinka, domin a ƙarƙashin dokar abubuwa masu fashewa yake. Da farko na ɗauka takura ce, amma jin labarin Mai Shayi sai na ga da ma a tilasta. Kuma 9mm ɗin da kuke ta magana ai ɗan nan ne, Georg Luger ya tsara shi, kamfanin DWM ya fito da shi a 1902.

Wani abin dariya: furaimar da Amurkawa ke amfani da ita, mai rami ɗaya a tsakiya wadda ake iya cirewa cikin sauƙi, wani Baturen Ingila ne mai suna Boxer ya ƙirƙiro ta. Wadda Turai ta daɗe tana amfani da ita, mai ramuka biyu da ke ba masu cikawa wahala, Berdan ne ya yi ta, shi kuma Ba'amurke. Kowa ya bar na gida ya ɗauki na maƙwabci.

Alhaji_Tsoho
Ina ta karatu ina murmushi. Lokacin muna yara kakana maharbi ne, bindigar toka gare shi. Shi ma ai da hannu yake ɗurawa, ta baki, ya danna da sanda, harbi ɗaya sai a sake sabon zama. Kuma ban manta wani abokin farautarsa mai yatsu uku a hannun dama ba, bututu ne ya tsage masa. Mu yara muna tsoron gaisawa da shi. Abin nufi, wannan haɗarin ba Bature ya kawo shi ba, tun can akwai shi, kuma tun can masu hankali a cikinsu ba sa ba wani ya ɗura musu.

Barista_Atlanta
Tunda Alhaji ya kai mu gida, bari in ƙarasa, kar wani ya ce zai kai sana'ar can. A Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin haramtattun makamai, lasisinsu a hannun shugaban ƙasa yake. Ƙera makami ko harsashi kuwa aikin ma'aikatar gwamnati ne, irin DICON da ke Kaduna tun 1964. Abin da yake sha'awa ta ƙarshen mako a Houston, a Kano gidan yari ne.

Sannan ku masu zuwa filin harbi, don Allah jakar da kuke zuwa da ita can kar ta zama jakar tafiya. A 2024 an kama Amurkawa da dama a tsibiran Turks da Caicos saboda 'yan harsasai da suka manta a aljihun jaka, kuma dokar wurin a lokacin ta tanadi ɗaurin shekara 12 mafi ƙaranci. Ka yi tunanin a same shi a jakarka a filin jirgin Malam Aminu Kano, ko a Jidda kana hanyar Umara. Mai cika harsashi ya fi kowa shiga wannan haɗarin, don shi kwanso har a aljihun wandonsa yake kwana.

Maman_Hanan
Har a cikin injin wanki na sha tsintarsu, Barista.

Gwanin_Gasa
Na ga an taru an danne abin, bari in faɗi ɗaya ɓangaren. Ni ina shiga gasar harbi ta USPSA, kuma kusan duk wanda ya daɗe a cikinta da kansa yake cikawa. Ba don araha kaɗai ba. A gasar ana auna ƙarfin harsashinka, a ninka nauyin kan harsashin da gudunsa a raba da dubu, dole ya kai 125 kafin a ƙirga maka maki. Kana so ka wuce wannan layin da ɗan rata, amma ba ka so bugun ya yi yawa ya ɗaga maka hancin bindiga. Na kanti ba don bindigarka aka yi shi ba, don ta kowa aka yi shi. Irin abin da dattijon Bakano ya yi ke nan, kuma a tasa bindigar daidai ne.

Na biyu, wa ya manta 2020? Kantuna suka zama wayam, kwalin 9mm ya ninka kuɗi, in ma ka samu. Waɗanda suka tara kayan haɗi tun da wuri su ne suka ci gaba da harbi.

Na uku, akwai natsuwa a cikinsa. Ni in na rufe ƙofa na zauna, awa biyu ba waya ba hayaniya.

Injiniya_Ohio
Gwani, na biyun nan a yi masa gyara. A 2020 da 2021 furaima ce ta fi komai ɓacewa, don kamfanonin da ke yin ta su ne ke buga harsashi, sai suka riƙe abinsu. Ni da na saba sayen dubu a dala talatin da 'yan kai, sai da na ga ana neman sama da ɗari, kuma har yau ba ta koma inda take ba. Wanda ya tara ne ya tsira, ba wanda ya iya cikawa ba. Da kwalayen harsashi ya tara ma da ya tsira.

Gwanin_Gasa
To ai shi ma tarawar sai mai harkar yake tunaninta.

Kawu_Arizona
Ƙari biyu ga Bakano, in ya yanke zai saya. Ka buɗe littafin da ya zo da bindigarka, kusan duk kamfanoni sun rubuta cewa in ka harba wanda aka sake cikawa, garanti ya faɗi. Sannan wanda kake ajiyewa don tsaron gida ya zama na kanti. Cikin hannu na filin harbi ne.

Kuma in dattijon ya haɗa maka da albarushi a gwangwanin da ba nasa na asali ba, ko wanda takardarsa ta goge, kar ka karɓa ko kyauta ne. Ba a gane shi da ido.

Sabon_Zuwa
Kawu, don sani kawai, kamar nawa ake zubawa a guda ɗaya?

Mai_Unguwa
Sabon Zuwa, ka koma sama ka karanta abin da na rubuta. Kai da ma Barista ya ce ka nisanci kwanso.

Sabon_Zuwa
Tuba nake, ranka ya daɗe.

Bakano_Houston
Na gode ƙwarai jama'a, ban zaci abin zai yi tsawo haka ba. Da yamman nan na leƙa wurin dattijon. Na faɗa masa batun sifirin, ya dafe kai ya ce wallahi ya manta ya canza shi, shekaru sun yi yawa. Ragowar guda 17 na mayar masa. Da na duba bokitin da kyau kuma, ba duka ne tagulla ba, akwai na ƙarfe da na alminiyam a gauraye, ya ce waɗannan zubarwa ake yi. Akwai gwangwani biyu da ya rubuta musu suna da hannu a kan salatif, na tuna maganar Kawu na ce a'a.

Na nuna wa uwargida abin da Anti Maman Hanan ta rubuta. Ta karanta har ƙarshe, ta miƙo mini wayar, ta ce in injin ya shigo gareji ita da yara za su fita ta ɗaya ƙofar. Yanzu dai littattafan biyu na karɓo, ya ce in karanta in dawo masa da amsa kafin ƙarshen wata. Ina tunanin ko in yi 'yar rumfa a bayan gida, amma in na haɗa kuɗin rumfar da na injin, lissafin Injiniya ya ƙara lalacewa.

Gwanin_Gasa
Karɓi injin ka ajiye ko a kwali ne, ba ya ruɓewa. Irin wannan farashin ba ya dawowa.

Maman_Hanan
A kwalin ma a wanke shi tukuna, shekara talatin yana shan ƙura. Kuma tunda kana zuwa filin harbi duk mako, in na cikin gini ne, kai ma ka je a auna jininka ko ba ka sayi komai ba.

Injiniya_Ohio
Bakano, wane iri ne injin? Mai yin ɗaya-ɗaya ne, ko mai juyawa da ke fitar da harsashi duk jan hannu? Don in mai juyawa ne, ni ban ga ya dace da mai koyo ba, Kawu kuma na san zai ce wani abu.

Kawu_Arizona
Zan ce kuwa. Amma bari ya turo hoton tukuna, magariba ta yi a nan.